Hadarin da Ba Ka Gani Ba: Lacca Kan Hawan Magangarun Ruwa da Iyo a Cikinsu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Jama'a, barkanmu da wannan lokaci.

An ce in yi magana a kan wani irin yawon buɗe ido da ya yi kasuwa a ƙasashe masu zafi da yawan ruwan sama. Tsarinsa kusan ɗaya ne ko'ina. A kwashi baƙi a mota da safe, a kai su inda ruwa ke gangarowa daga kan dutse, a haɗa su da ɗan jagora, su hau, su yi iyo, a ɗau hoto, kafin magariba a mayar da kowa masaukinsa. Na san da yawanku kun ga bidiyonsa a waya: ruwa shuɗi garau, mutane na ta dariya da ihu. Abin da nake so mu duba yau shi ne mutumin nan da ke gaba yana ɗaga musu hannu, wato ɗan jagora. Mene ne ainihin abin da ake biyansa ya yi?

Mu fara da Jamaika. Kusa da garin Ocho Rios akwai magangarar Dunn's River, wadda tana cikin waɗanda suka fi suna a wannan harka. Tsayinta wajen mita 55 ne, amma ba a miƙe take kamar bango ba. A kwance take hawa-hawa, tsawon kimanin mita 180, ruwan kuma yana sauka ne kai tsaye bakin tekun Karibiyan. Daga kan yashin bakin teku ake soma hawa. Jagora ya jera mutane, kowa ya kama hannun na gabansa da na bayansa, mace da namiji, yaro da tsoho, a tafi a jere. Shi ne a gaba, ya taka dutse ya ce a nan za a sa ƙafa, nan kuma a kauce. Ruwa na dukan gwiwa, wani wurin har ƙugu, ƙara ta cika kunne, ba ka jin abin da na kusa da kai yake faɗa sai dai ka karanta bakinsa. Hawan kan ɗauki awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi. Wanda ya gaji ko ya tsorata, akwai matakala a gefe, ya fita ya bi ta tudu yana kallon sauran.

Wani zai ce, to yaya mutum zai hau dutsen da ruwa ke kwarara a kai dare da rana bai zame ba? Sirrin yana cikin dutsen. Ruwan wuraren nan yakan ratso ta cikin dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake yin siminti da shi, ya narkar da wani abu daga jikinsa. Idan ya fito sarari ya faɗo yana fantsama, iskar da ta riƙe narkakken dutsen sai ta fice, dutsen ya sake daskarewa a kan duk abin da ruwan ya taɓa, ganye ne, saiwa ce, ko tsohon dutse. A hankali, shekara da shekaru, ruwan ke gina wa kansa matakala da ƙananan gurabe. Sabon dutsen yana da kaushi, yana kama tafin ƙafa. A arewacin Chiang Mai ta ƙasar Tailan akwai magangarar Bua Tong, inda kaushin ya kai mutane na hawa ƙafa ba takalmi, ruwa na zuba a kansu. Wannan narkakken dutse shi ne kuma ke ba ruwan Kuang Si ta ƙasar Laos, kusa da Luang Prabang, launin nan da ke tsakanin shuɗi da kore, wanda mutane ke zaton gyaran kyamara ne. Amma ku lura, ko a irin wannan dutse, inda ruwa bai da ƙarfi ko inda inuwa ta yi yawa gansakuka na fitowa, santsinta kuwa ba ya sallama. Taku biyu ne tsakanin wurin da ke riƙe ka da wurin da zai kayar da kai, kuma idon baƙo ba ya bambance su. Shi ya sa Bahaushe ya ce da ɗan gari akan ci gari.

A Jamhuriyar Dominika salon daban ne. A Damajagua, cikin lardin Puerto Plata, gurabe 27 ne a jere cikin kwazazzabo. Ana hawa tudu da ƙafa ta cikin daji, sannan a sauko ta cikin ruwan, wani wuri a zame kan dutse, wani wuri a yi tsalle. Ba a shiga sai da jagora, da hular kwano, da rigar hana nutsewa, kuma baƙo na iya zaɓar ya tsaya a gurabe 7 ko 12 maimakon ya yi duka. Haka ake yi a yankin Kawasan da ke tsibirin Cebu na ƙasar Filifin. A Zambiya kuwa, a magangarar Victoria, akwai wani gurbi a daidai leɓen dutsen, inda ruwa ke faɗawa ƙasa fiye da mita 100. Jagora ne ke kai mutum, kuma sai a watannin da kogin Zambezi ya ja baya. Da ruwa ya ƙaru, an rufe ke nan.

To, nuna wurin sa ƙafa da kama hannun wanda ya zame, wannan ƙaramin aikin jagora ne. Mai lura zai iya koyonsa cikin 'yan watanni. Babban aikin, wanda baƙo ba ya gani kuma ba ya yabawa, shi ne duban sama da duban launin ruwa.

Ku saurari wannan lissafin. Ruwan da ya cika akwati mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, nauyinsa tan ɗaya ne. Idan ruwan sama na milimita 10 kacal ya sauka a kan fili mai murabba'in kilomita ɗaya, tan 10,000 ke nan ya zuba. A ƙasashen da muke magana, samun ninkin wannan sau da yawa a cikin awa guda ba abin mamaki ba ne. Idan ƙasa ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba za ta sha ba, gangarowa zai yi. Duk ƙoramun da ke kan tsaunin su tattaro shi su zuba a kwazazzabo ɗaya, wanda wani wurin faɗinsa bai wuce ɗaki ba. Kai kuma kana can ƙasa, rana na haska ka, samanka tas babu ko gajimare. Ruwan ya sauka ne a bayan tsauni, nisan kilomitoci, inda bishiyoyi da bangon dutse suka tare maka gani. Sannan ƙarfin da ruwa ke tura mutum da shi ba ya tafiya daidai da gudunsa: idan gudu ya ninka sau biyu, turin ninkawa yake yi sau huɗu. Ruwan da ɗazu kake tsaye a cikinsa kana ɗaukar hoto, cikin 'yan mintoci sai ya zama wanda ke mirgina duwatsu.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A watan Afrilu na 2007, a lardin Trang na kudancin Tailan, lokacin hutun sabuwar shekararsu, ambaliya ta sauko wa masu wanka a magangarun ruwa, fiye da mutum 30 suka rasu. A watan Maris na 2017, a Kintampo ta ƙasar Ghana, iska da ruwan sama suka kayar da wata babbar bishiya daga sama ta faɗo kan masu iyo, aƙalla mutum 18 suka mutu, akasarinsu ɗaliban sakandare da suka je yawon buɗe ido. Allah ya jiƙan na jin ƙai. Akwai kuma wanda ya faru a Suwizalan, ba ƙasa mai zafi ba ce, amma na kawo shi saboda abin da ya biyo baya. A watan Yuli na 1999 ambaliya ta rutsa da masu yawo a kwazazzabon Saxetbach, mutum 21 suka mutu, uku daga cikinsu 'yan jagora ne. Hadari ya riga ya haɗo kafin a shiga, amma ba a fasa ba. A 2001 kotu ta sami manyan kamfanin da ya shirya yawon da laifin sakaci. Kotun ba ta kama su don ba su iya ɗaura igiya ba. Ta kama su ne don an shiga a ranar da bai kamata a shiga ba.

Ruwa yakan ba da sanarwa, sai dai gajeriya ce. Launinsa ya soma juyawa daga garau zuwa ruwan ƙasa. Ganyaye da ƙirare su fara wucewa da yawa. Dutsen da ɗazu yake a bushe ka ga ruwa ya lashe shi. Wani lokaci a ji rugugi daga sama kamar na babbar mota. Jagoran kirki da ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ba ya tsayawa bayani, busa usur yake yi, ya kora kowa zuwa tudu. Ku kula, tudu na ce, wato a hau gefe. Wanda ya bi kwarin yana gudu a gaban ruwa, ruwan ya fi shi sauri. Kuma jaka, da waya, da takalmin da aka ajiye a kan dutse, a bar su.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Cewa "yau ba za a shiga ba" tana da tsada, kuma jagora ne ke biya. A wurare irin su Ocho Rios da Puerto Plata, baƙi da yawa daga manyan jiragen ruwan yawon buɗe ido suke saukowa, jirgin kuma da yamma zai tashi. Ba gobe a wurinsu. Sun biya tun kafin su iso, sun zo da kyamara, wasu sun yi shekara suna tara kuɗin tafiyar. Jagora kuma a wurare da dama tukwicin baƙi ne ke cika masa abin da yake kai wa gida. In ya fasa, ya rasa na ranar, baƙi sun ɓata rai, wani ya hau intanet ya rubuta cewa malalaci ne, mai kamfani ya kira shi ya ce makwabtanmu ai sun shiga. In kuma ya shiga aka fito lafiya, wanda shi ne ke faruwa mafi yawan lokuta, sai kowa ya ce ka gani, dama tsoro ne. A haka ake koya wa mutum ganganci ba tare da an ce masa ya yi ba. Ni a ganina, kafin ka tambayi kamfani ko suna da hular kwano, tambaye su: idan jagora ya ce an fasa, wa ke da ikon musa masa? Kuna mayar da kuɗi? Kuna da wani a can sama da ke sanar da ku in an yi ruwa? Wanda ya amsa maka da cewa "mu ba mu taɓa fasawa ba", yana ganin talla yake yi, alhali ya gaya maka duk abin da kake bukatar sani.

Bari in taɓa gindin magangara, don nan ne gwanayen iyo ke shiga uku. Farin ruwan nan mai kumfa, iska ce cike a cikinsa, saboda haka bai kai ruwan kogi nauyi ba, ba ya ɗaga jiki yadda aka saba. Kana bugun hannu kana jin kamar ba abin da kake turawa. Ga shi kuma ruwan da ya faɗo yana nutsawa ƙasa ya juyo ta sama ya komo gindin dutsen, yana juya duk abin da ya kama. Wanda bai iya iyo ba tsoro ya hana shi matsawa. Wanda ya iya shi ne ke cewa bari in je ruwan ya dake ni a kafaɗa. Kuma mai nutsewa ba ya ihu. Numfashin da zai yi ihun da shi ne yake nema. Za ka gan shi a tsaye cikin ruwa, kai a ɗage, baki na shiga yana fita, abokansa na gefe suna zaton wasa yake.

Tsalle kuwa, wanda ya diro daga tsayin mita 10 yana taɓa ruwa ne da gudun kusan kilomita 50 a awa. In akwai kututture a ƙasa, da wannan gudun zai same shi. Gurbin da ake tsalle a cikinsa jiya, ambaliyar dare na iya cika shi da tsakuwa ko ta ajiye icce. Don haka jagoran da ya san aikinsa kan fara shiga ya auna zurfin da kansa. Da ƙafa ake shiga, ba da ka ba, don karayar wuya da ta taɓa laka ba ta cika warkewa ba.

Sai cuta, a taƙaice. Akwai wadda ake ɗauka daga ruwan da fitsarin ɓera ko na dabbobi ya gurɓata, sunanta leptospirosis. Tana shiga ta ciwo a fata, ko ta ido da baki. A shekarar 2000, gomman 'yan wasan da suka yi wata gasa a Sabah, tsibirin Borneo, sun kamu da ita bayan sun yi iyo a kogi. Zazzaɓi ne da ciwon jiki, yakan taso bayan kwanaki ko makonni, in ya yi tsanani ya taɓa hanta da ƙoda. A ruwayen Afirka da dama kuma akwai tsargiya. Wanda ya yi zazzaɓi bayan irin wannan tafiya, ya gaya wa likita ya shiga ruwan kogi, kada a tsaya kan maganin zazzaɓin cizon sauro kawai.

Na ga an ɗaga hannu. Bismillah, Hajiya.

Tambayarta, ga waɗanda ba su ji ba: wanda bai iya iyo ba sam, zai iya zuwa?

Hajiya, ya danganta da wurin. Irin Dunn's River, akasarin hanyar tafiya ce a cikin ruwa, mutane da yawa da ba su iya iyo ba suna hawa. Irin Damajagua kuwa akwai guraben da ƙafa ba ta taɓa ƙasa, kuma in an shiga kwazazzabon ba ko'ina ake samun mafita ba. Abin da zan roƙe ki, ki faɗa wa jagora tun a bakin mota, kada kunya ta sa ki bari sai kina tsaye a bakin dutse mutum goma na bayanki suna jira. Rigar hana nutsewa kuma ki sa a ɗaure miki ita tamau, sannan ki ce wata ta kama kafaɗun rigar ta ja sama. In ta taso har kunnenki, ta yi miki yawa, a cikin ruwa ma haka za ta yi, ki ce a canza. Tufafi masu yalwa da ke shan ruwa suna nauyi suna kuma maƙalewa a dutse, a nemi kayan iyo masu rufe jiki waɗanda ba sa jan ruwa, akwai su. Silifas kuma a bar shi a mota, a sa takalmin roba mai ɗauri a dunduniya.

Malam na can baya, ga makirufo nan zuwa.