Sharhi: Bismillah daga bakin mai abinci take fitowa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Wata baiwar Allah, ma'aikaciya a wani ofis a nan cikin gari, ta aiko mana da saƙo a makon jiya, kuma tun da na saurare shi raina yake a ɓace. Ta ce kullum kafin asuba take tashi ta dafa abincin da yara za su tafi da shi makaranta, ta ɗebi nata ta zuba a kula. Tana isa ofis sai ta tura kular ƙarƙashin teburinta. Da an kira azahar ta fita salla, kafin ta dawo an buɗe. Wata rana a tsince naman a bar mata shinkafa tsura. Wata rana a yashe rabi, a sa cokali a lallaɓa a baje saman, wai don kada ta gane. Ta san mai yi, kowa ma a ofishin ya san shi. Ranar da ta yi ta maza ta ɗan yi ƙorafi, sai gogan ya bushe da dariya ya ce, "Haba Hajiya, a kan ɗan abinci? Ashe ke marowaciya ce?" Sauran suka taya shi dariya, ita ce ta koma kujerarta tana jin kunya. Tambayar da ta yi mana ita ce, wai ita ce mai laifi?

Hajiya, ba ki da laifin komai. An ci haƙƙinki, sannan aka juyo aka jibga miki kunyar da ya kamata ta kama wanda ya ci.

Na san abin da wasu za su ce, don na sha jin sa. Za su ce mu Hausawa ba a san mu da rowar abinci ba. Gaskiya ne. Ka shiga motar haya daga Kano zuwa Zariya, na kusa da kai wanda bai taɓa ganinka ba zai kwance ƙullin gurasarsa, kafin ya kai loma baki sai ya juyo ya ce maka bismillah. Wannan tayin namu ne, muna alfahari da shi. To amma me kake ce masa? Ka ce, "Alhamdu lillahi, a ci lafiya." Ko da yunwa na cin ka, sai ya maimaita sau biyu sau uku, ka tabbatar har zuciyarsa yake faɗa, sannan ka sa hannu ka ɗan gutsura. Al'adar da ta koya mana tayi ita ce ta koya mana kawaici. Wanene a cikinmu bai tuna hararar da uwarsa ta yi masa ba ranar da aka miƙo masa kwano a gidan maƙwabta ya yi saurin karɓa? Ka dawo gida a murɗe maka kunne, a ce kana so a ce ba a ba ka abinci a gidanku. Tun muna ƙanana ake nanata mana cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma in da kwaɗayi da wulaƙanci.

Shi wannan mai buɗe kular mutane rabin al'adar ya ɗauka, rabin da zai cika masa ciki, ya watsar da rabin da zai sa shi ya kame hannunsa. Kuma ko a rabin da ya ɗauka ɗin ma ya yi ha'inci. Wa yake cewa bismillah? Mai abinci. Daga bakin mai abinci take fitowa. Ba a taɓa yin garin da mutum zai yi wa kansa tayi a kan kwanon wani ba, balle mai kwanon yana masallaci.

Wani kuma zai ce ai ranar nan ita da bakinta ta ce masa bismillah. To sai me? Tayin ranar Talata ya ƙare ranar Talata. Don na ɗauke ka a babur ɗina jiya, yau sai ka zo ka zare makulli ka tafi da shi? An ce maka gyara kayanka, kai kuma ka ji sauke mu raba.

Tun da an fi son a jingina abin da addini, mu je can ɗin. Akwai ƙissar da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Mas'ud, game da wani mutumin Madina mai suna Abu Shu'aib. Yana da bara mahauci, sai ya sa shi ya yi abincin mutum biyar, ya gayyaci Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, a matsayin cikon na biyar ɗin. Suna tafiya sai wani mutum ya bi su. Da suka iso, Annabi ya sanar da mai gida cewa ga wani nan ya biyo mu, in ka so ka yi masa izini, in ka so ya koma. Mai gida ya ce ya yi masa izini. Ku duba nan da kyau. Shugaban halitta ne baƙon. Da ya shigo da mutum goma, babu wanda zai ɗaga ido a Madina. Duk da haka bai bari an ci lomar wani ba sai da mai ita ya buɗe baki ya ce na yarda. Kai kuma wane ne, da katin aikinka a wuya, da za ka tsallake abin da Annabi ya tsaya a kansa?

Masu ɗan karatu a cikinsu sukan jawo aya ta 61 a Suratun Nur, inda aka ɗauke laifi ga mutum ya ci a gidan iyayensa da 'yan'uwansa, har da gidan amininsa. Ayar gaskiya ce. Malamai kuma sun yi bayani cewa ana nufin inda ka san mai abin zai ji daɗi, ba zai ji ciwo ba. Sai mu tambayi gogan namu: in ka san za ta ji daɗi, me ya sa ka jira sai da ta fita? Me ya sa ka baje saman shinkafar da cokali? Cokalin nan ya gama ba da shaida a kanka. Hadisi ya tabbata cewa dukiyar Musulmi ba ta halatta ga wani sai da daɗin ransa, kuma ba a ce sai dukiyar ta kai miliyan ba. Tsoka biyu ta nama dukiya ce.

"A kan ɗan abinci." Wannan kalmar ce ta fi ƙona mini rai. Ɗan abinci a wace ƙasa? Tun ranar 29 ga watan Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta koma wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma ba ta tsaya nan ba. Kuɗin mota ya bi ta, kuɗin kwanon shinkafa da na wake suka bi kuɗin mota. A watan Yunin 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin kayan abinci ya haura kashi 40 cikin 100. A watan Yulin shekarar aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Raba shi gida 30, za ka samu naira 2,300 da ɗoriya a rana. A cikinta za a ci, a sha, a hau adaidaita, a biya haya, a sayi magani. Mutane da yawa da a da suke aiken masinja ya sayo musu abinci wurin mai tuwo a bakin ofis, yanzu sun koma ɗauko kula daga gida don lissafi ya ƙi fita. Abin da ke cikin kular nan aune yake. An auna shinkafar, an ƙirga naman, an tsiyaya man da dabara. Wataƙila ma nata kason ta rage don na yara ya cika. Ga iskar gas ko gawayin da aka ƙona, ga barcin da aka katse da ƙarfe huɗu na dare. Sai wani ya zo da ƙarfe biyu na rana ya kira wannan duka ɗan abinci.

Kuma ba kowa ne yake zuwa da abinci don tsimi kaɗai ba. Akwai mai ciwon suga da ya sha maganinsa ko ya yi allurarsa da safe da lissafin zai ci abinci a kan lokaci. In ya buɗe kula ya tarar wayam, suga na iya faɗuwa, jiki ya hau rawa, jiri ya kwashe shi. Akwai mai gyambon ciki, akwai mai juna biyu, akwai mai shayarwa. Ba wajibi ba ne su bi tebur tebur suna karanta wa mutane takardar asibitinsu kafin a ƙyale musu abincinsu.

A nan zan ɗan sassauta, don akwai wanda yunwa ce ta gaske take kai hannunsa. Ana yi. Akwai ƙananan ma'aikata da 'yan kwantiragi da kan yi watanni ba su ga albashi ba, mutum ya fito gida da ruwa kawai a cikinsa. Irin wannan in ka gano shi, kai ne ya kamata ka ji kunya da ba ka lura da wuri ba. Hadisi ne a Muslim cewa abincin mutum ɗaya yana isar biyu. Ka ja shi gefe ka ce, "Baba, zo mu ci," ko ka riƙa ƙaro cokali biyu saboda shi. Sai dai ni a iya zamana da ma'aikata, mai yunwar gaske shi ya fi kowa kame kai. Za ka yi ta roƙonsa yana cewa ya ƙoshi. Mai buɗe kula yawanci yana da albashinsa, yana da wayar da ta fi taka tsada. Ya dai saba ne, kuma ya gano cewa ba mai iya yi masa magana.

Wannan shi ne jarinsa: kunyarmu. Ya san Bahaushe ya gwammace ya wuni da yunwa da a ce ya yi faɗa a kan abinci. Kalmar rowa ita ce sandarsa, da ya ɗaga ta sai kowa ya sunkuyar da kai. Marowaci shi ne wanda aka roƙa yana da hali ya hana. Hajiya ba a roƙe ta ba. Ɗauka aka yi a bayan idonta. Ta yaya za a kira mutum marowaci a kan abin da ba a ma ba shi damar bayarwa ko hanawa ba?

Akwai kuma wanda ya fi wannan muni, wato oga. Shi ba ya jiran ka fita. Yana shigowa zai ce, "Kai, wannan ƙamshin fa?" Kai kuma ka miƙe tsaye ka ce, "Bismillah, ranka ya daɗe," zuciyarka na cewa Allah ya sa ya ƙi. Sai ya ja kujera. Malamai suna da magana cewa abin da aka karɓa da takobin kunya haramun ne. Yallaɓai, wannan bismillar da aka yi maka ta tsoro ce, kai ma ka sani. Yaron da kai kake sa hannu a takardar ƙarin girmansa ba shi da bakin hana ka. Albashinka ya ninka nasa sau nawa? Ka aika a sayo maka, in da hali ka sayo har da shi.

Sai maganar mafita. Na ji masu ba da shawarar a zambaɗa barkono, ko a barbaɗa maganin da zai sa mutum zawo don ya ɗanɗana kuɗarsa. Kul. In ya kasance yana da wata cuta a ciki ya faɗi a ofis, ke za a kwasa zuwa wurin 'yan sanda, kuma ranar babu mai tuna naman da aka ci miki. Wasu kuma suna cewa a kulle kular a durowa ko a bar ta a mota. Babu laifi, a yi. Sai dai ya koma kan kular na kusa da ke, ke kuma kin zama mai ɓoyon abinci a wurin aikinki kamar ke ce mara gaskiya.

Magana za a yi masa. Ki same shi shi kaɗai, ba a gaban 'yan dariya ba, kuma kada ki yi murmushi, don murmushin nan shi yake mayar da zancen wasa. Ki ce, "Malam, abincin nan da lissafi nake zuwa da shi. Don Allah kada ka ƙara buɗe mini kula sai in ni na ce maka bismillah." Shi ke nan. Ba sai kin ba da haƙuri ba, ba sai kin kawo dalili goma ba. In ya sake, ki maimaita a gaban wani babba da yake jin nauyinsa. In ya yi kunnen ƙashi, ki kai wa shugaban sashe, shi kuma shugaban kada ya ce wannan ƙaramar magana ce. Wanda ya saba buɗe abin da ba nasa ba don mai shi ba ya nan, a ofis ɗin nan akwai durowa, akwai fayil, akwai kuɗin aike.

Ku kuma da kuka taya shi dariya, da ku nake. Kun san gaskiya. Wasunku ma an ci naku, kuka haɗiye. Da mutum ɗaya a cikinku ya ce, "A'a Malam, ba ka kyauta ba, ai sai ka tambaye ta," da zancen ya mutu a ranar. Kuka bar mace ita kaɗai tana kare kwanonta, kuna ƙyaƙyatawa don kada a ce da ku marowata.

Hajiya, ranar Litinin ki je da kularki ki ajiye ta a inda kika saba. Ki faɗa masa tun da safe, kafin azahar ta yi. In ya sake ce miki marowaciya, ki tambaye shi, a duk shekarun da kuka yi kuna aiki tare, sau nawa ya taɓa zuwa da tasa kular ya ce miki bismillah.