Amsoshin Tambayoyinku: Gonar da latas ke kai kansa wurin girbi

Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko ta yau daga wani mai sauraronmu ce, ya ce ya ga bidiyon wata gona inda latas ke tafiya a jere babu mai turawa. Yana tambaya: gaskiya ne ko siddabarun kwamfuta?

To Malam, gaskiya ne. Noma ne da ba a yin sa a ƙasa. Ana dasa latas ɗin a cikin dogayen indararo, ruwan da aka narkar da taki a ciki yana kwarara siriri yana shafar saiwoyin. Wani masani a Ingila, Allen Cooper, shi ya fito da wannan dabara a shekarun 1960. Daga baya aka ɗora indararon a kan sarƙoƙi da inji ke ja. Ana saka dashe a wannan ƙarshen gidan gilashin, wato rufaffen ginin da ake noman a cikinsa, kullum ya ɗan matsa gaba, bayan 'yan makonni ya isa ɗaya ƙarshen ya kai girbi.

Amma ni abin da ya fi burge ni ba tafiyar ba ce, tazarar ce. Yayin da shukar take ƙarama, indararon a matse suke da juna. Tana girma injin yana ƙara buɗa tsakaninsu. Kuma tunda ba mai shiga tsakiyar gonar, ba a ɓata fili wajen barin hanya. A ƙarshen layi ma'aikaci yana tsaye wuri guda, ba sunkuyo ba ciwon baya, ya yanka ya ɗora a bel mai tafiya zuwa wurin ɗauri. Indararon kuma a wanke shi, ya koma farko.

Wata malama kuma ta rubuto tana cewa, tumatir fa?

A'a Malama, tumatir da kokwamba ba sa motsi. Suna hawa igiya ne su yi watanni suna 'ya'ya, kuma ba rana ɗaya suke nuna ba. Su mutum ne ke zuwa musu. A gidajen gilashin Holan, bututun da ke ɗumama gidan su ne kuma layin dogon da amalanken masu tsinka ke bi.

Ta ƙara da cewa, idan wuta ta ɗauke fa? Ai nan ne gizo ke saƙar. Sarƙa ta tsaya ba wani abu ba ne, latas zai jira. Famfon ruwa ne ba a wasa da shi, domin saiwar da ba ta cikin ƙasa takan bushe cikin 'yan sa'o'i idan ana zafi. Shi ya sa masu irin wannan gona ke ajiye janareta, da ƙararrawar da ke kaɗawa da zarar ruwan ya tsaya.