Darasi: Yadda nake koyar da kalmomin fizik da wasan cike gidaje

Assalamu alaikum malamai 'yan'uwana, da iyayen yara masu bibiyarmu. Daga Garwa, a arewacin Kamaru, nake magana. Ku yi haƙuri da ƙarar fanka, in na kashe ta ba zan kai ƙarshen darasin nan ba.

Yau wasan nan za mu haɗa wanda Faransawa ke kira mo kurwaze, ni kuwa a aji ce masa nake wasan cike gidaje, don yaro da ya taɓa yin dara ya san mene ne gida. Ba sabon abu ba ne. Wani ɗan Ingila mazaunin Amurka, Arthur Wynne, shi ya fitar da shi a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba 1913. Shi don nishaɗin masu karatu ya yi, mu kuwa BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, muke hange.

Kai mai ɗaukar hoto, matso da wayar kusa da takardar. Ƙasa kaɗan. Yauwa, tsaya nan.

Kayen nan, wato littafin rubutu, mai ƙananan gidaje shi nake so, ba mai layi-layi ba. Fensir da magogi. Kada ka soma da bik, wato biro, za ka yi nadama. Na ja gida 11 a kwance, 8 a tsaye, kun san yadda ake jan layi, ba sai na tsaya nan ba.

Dokata ɗaya ce: amsa da Faransanci, domin da shi za a tambayi yaro ranar jarrabawa, amma tambayar da Hausa, ko da Fulatanci in ajinka shi suka fi ji. Yaranmu sun san abubuwan nan tun a gida, sunansu na makaranta ne kawai ba su riƙe ba.

Ana farawa da doguwar kalma, ita ce ginshiƙi. Na ɗauki TEMPERATURE. Ƙirga, harafi 11, ta cika faɗin daidai. Na sa ta a layi na huɗu, na bar uku a sama. Wannan ɗan ƙaho da ke kan E na biyu a rubutun Faransanci, a wasan nan ba a sa shi, manyan baƙaƙe ne zalla. Amma ka faɗa wa yara tun farko, don kada gobe su cire shi a takardar jarrabawa su ce malam ne ya koya musu.

Yanzu masu saukowa. Ga M a gida na uku, sai in sauko da MASSE. M, A, S, S, E. Ga kuma P a gida na huɗu, POIDS ke nan. P, O, I... a'a. Tsaya. Kun ga abin da na yi? Na jera su kafaɗa da kafaɗa. Dubi layi na biyar, A da O sun manne, AO ba kalma ba ce. Ƙasa kuma S da I. Wannan ita ce matsalar da ta fi wahalar da ni lokacin da na soma, shi ya sa zan daɗe a kanta. Kalmomi biyu masu tafiya hanya ɗaya ba sa maƙwabtaka, sai da gida aƙalla ɗaya a tsakaninsu babu kowa. Haka a tsaye, haka a kwance. Kuma bayan harafin ƙarshe na kowace kalma dole a sami gida baƙi, ko bakin iyaka. Duk lokacin da ka ƙara kalma, sa yatsa ka bi gefenta na dama, ka bi na hagu, ka duba sama da ƙasa, kafin ka wuce.

Bari in goge MASSE. POIDS ta zauna a kan P ɗinta. MASSE kuwa in kai ta gida na bakwai, ta ratsa ta kan A. M a layi na uku, A ga shi nan dama, sai S, S, E a ƙasa. Gida biyu ne yanzu a tsakaninsu.

To ku dubi layi na shida, nan ne daɗin abin. I na POIDS a hagu, S na MASSE a dama, gida biyu a tsakiya. I, O, N, S. IONS. Wallahi ranar da na fara gano wannan, ni kaɗai a ɗaki na yi tafi.

T na farko kuwa, VOLT za ta sauko ta ƙare a kansa. V a layi na ɗaya, O, L, T. R na gida na goma, LITRE: L, I, T, R, sai E ta leƙo ƙasa. NEWTON na so in cusa, na juya ta ko'ina ta ƙi. Bar ta. Ba dole ba ne kowace kalma ta sami gida, za ta shigo mana ta cikin tambaya.

Lamba. Jaridun Faransa layi suke bai wa lamba, na Rumawa a gefe, na yau da kullum a sama. Ni ban so haka ga yara, suna ɓacewa. Ƙaramar lamba nake sawa a kusurwar gidan da kalma ta fara, daga sama zuwa ƙasa, hagu zuwa dama. VOLT 1, LITRE 2, MASSE 3, TEMPERATURE 4, POIDS 5, IONS 6.

Yanzu tambayoyi, kuma a ganina nan koyarwar take, gidajen nan tarko ne kawai.

Ta ɗaya: batirin tocila yana da ɗaya da rabi, na mota 12, wutar da ke zuwa bangon ɗakinku 220. Da me ake ƙirga su? In sun samo, sai ka ƙara musu cewa sunan mutum ne, Volta, ɗan Italiya, wanda ya haɗa batiri na farko a 1800. Wani lokaci nakan kawo madatsar Lagdo a nan, tunda kowane yaro a Garwa ya san daga kogin Binuwai ake samo mana wuta, amma kada ka bari hira ta cinye lokacin.

Ta biyu: ma'aunin da mai sayar da zuwa-zuwa, wato fetur, a bakin titi ke cika wa ɗan acaɓa. Wannan ko na bayan aji zai ɗaga hannu. Sai ka bi da cewa lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka mai lita 20 da ƙanwarsa ke ɗaukowa daga famfo kilo 20 ke nan, ban da jarkar.

Ta huɗu, in tsallaka: abin da ke haura 40 a garin nan cikin watan Afrilu, da digiri ake faɗarsa. Lallai ka sa maganar digirin. In ka ce zafi kawai, yaro zai rubuta chaleur, kuma bai yi laifi ba, a Hausa duk zafi ne. Amma a fizik chaleur da joule ake auna ta.

Sai ta uku da ta biyar, waɗanda don su na haɗa wasan gaba ɗaya. Masse da poids, mu duka nauyi muke cewa. Kuma ba mu kaɗai ba, ɗauko gwangwanin tumatir ka duba, poids net aka rubuta sannan aka bi shi da giram, alhali a aji mun ce wa yaro giram na masse ne. Ina yaro zai sa kansa? Ga yadda nake rubutawa. Ta uku: yawan masarar da ke cikin buhu, da kilo ake aunawa, ko ka kai buhun duniyar wata bai ragu ba. Ta biyar: ƙarfin da ƙasa ke jan buhun da shi, da newton ake aunawa, a wata sai ya koma wajen kashi ɗaya cikin shida. Buhu mai kilo 50 a nan, ka ninka da 9.8, newton 490. A wata wajen 80, amma masarar ko ƙwaya ba ta fita ba.

Ku lura, kalmomin biyu harafi biyar-biyar ne. Yaron da ya rikice zai iya sa POIDS a gidan MASSE ta shige lafiya lau. Sai ya zo cike TEMPERATURE ya tarar da O zaune inda A ya kamata. Ba ni zan ce masa ya yi kuskure ba, takardar ce za ta faɗa masa. Ya goge, ya koma ya sake karanta tambayar. Don haka in ka ga yaro ya yi wannan musanyar, kame bakinka, wuce abinka.

Ta shida: abin da gishiri ke rabuwa ya zama in ya narke a ruwa, wani mai alamar ƙari, wani mai alamar ragi, kuma jam'i ne. Wannan ta 'yan aji na ƙarshe ce masu shirin BEPC. In na ƙasa da su kake koya wa, cire ta, wasan bai lalace ba.

Idan ka gama, ka kwafe gidajen babu komai a takarda mai tsabta, ka baƙanta sauran, sannan ka cike da kanka sau ɗaya kafin ka kai wa mai fotokofi. Ni na taɓa ƙin yin haka. A wata makaranta da na koyar, na buga wa aji guda cif, kuɗin daga aljihuna, ashe gida goma na ja wa TEMPERATURE. Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu a hankali ta ce, malam, E na ƙarshe ina za shi? Na ce ta ba shi aron wuri a gefen takarda. Har shekara ta ƙare yaran nan in an rasa wurin zama a aji sai su ce a ba E wuri.

In babu kuɗin fotokofi, allo da alli sun isa. Zana kafin su shigo, raba su huɗu-huɗu, minti goma sha biyar. Ni na fi son yin sa a ƙarshen babi, ba a farko ba.

Wanda kuma ba shi da lokacin zama ya haɗa, ina da ɗan littafi da na tara guda talatin, lantarki, ruwa, haske, duk da amsoshinsu a baya. Masu nesa, Marwa ko Ngawundare, ina ba motar haya ta kai. Ku yi mini magana ta WhatsApp, farashin ba zai sa mu faɗa ba.

Af, na manta. OHM, ma'aunin yadda abu ke tare wutar lantarki, harafi uku. Akwai wuri biyu a gidajen nan da za ta shiga ba ta taɓa maƙwabci ba. Ku nemo, ku turo mini hoton. Kai, ɗaga wayar su ga takardar gaba ɗaya.