"An Ce Kan Yaron Ya Yi Girma": Lacca Kan Awon Kai a Hoton Ciki

An ɗauko wannan daga rikodin laccar da wata likitar mata ta yi wa ɗaliban Islamiyyar matan aure a Anguwar Rogo, Jos.

Assalamu alaikum, iyayena da ƙannena. Kusan kullum sai mace ta shigo mini da takardar sikanin a hannu, ido ya raina fata, wai an ce kan yaron ya yi girma, sai an yi mata aiki. To yau mu buɗe takardar nan tare.

Za ku ga an rubuta BPD, wato faɗin kai daga gefe zuwa gefe. Sai HC, kewayen kan gaba ɗaya, kamar a zagaya shi da zare. A mako na 20 faɗin bai cika santimita 5 ba, kewayen kuma wajen 17 ne da ɗoriya. Lokacin haihuwa kewayen kan kai 33 zuwa 35. Ana haɗa su da awon tumbin jaririn da tsawon ƙashin cinyarsa a ƙiyasta nauyinsa. Ƙiyasi na ce, ba sikeli aka ɗora shi ba.

Ni na fi yarda da kewaye a kan faɗi. Yaron da ya zo a zaune, ko wanda ruwan mahaifa ya yi wa kaɗan, kansa kan ɗan matse ya yi tsawo, sai faɗin ya nuna ƙarami alhali lafiyarsa ƙalau.

Inda muke samun matsala da ku shi ne lokacin zuwa. Mace ta ɓoye ciki saboda kunya ko tsoron baki, sai wata bakwai ta zo awo. Hoton watanni ukun farko yana faɗin kwanakin ciki da kuskuren da bai wuce mako guda ba. Na ƙarshen ciki kuwa yana iya kaucewa da mako uku. In ban san kwanakin cikin ba, da me zan gwada in ce kan ya yi girma ko ya yi ƙanƙanta? Shi ya sa tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi hoto ɗaya kafin mako na 24.

Akwai inda awon ke nuna ciwo na gaske. Ruwa kan taru a ƙwaƙwalwa kai ya kumbura. Akwai kuma ƙanƙancewar kai, irin wadda cutar Zika ta jawo a Burazil a 2015. Ko a nan ba ma yanke hukunci da hoto ɗaya, sai an sake bayan mako biyu ko uku an ga yadda yake tafiya.

Hajiya a baya tana tambaya ko babban kai na nufin tiyata. Ba dole ba ne, Hajiya. Ƙasusuwan kan jariri ba su gama haɗewa ba, kun dai san maɗiga. Lokacin naƙuda sukan ɗan hau juna ya samu ya wuce. Yadda naƙudar ke ci gaba shi ke nuna mana ko ƙugu zai ba shi hanya, shi ya sa muke so a yi ta a gabanmu.