Ɓarawon da Ba Ya Fasa Ƙofa: Lacca kan Satar Banki a Tsoffin Wasannin Rediyon Amurka

Jama'a, assalamu alaikum. Na baya can, in muryata ba ta isowa ku ɗaga hannu a ƙara sauti. To, madalla.

Abin da ya kawo ni gabanku yau wani irin wasan kwaikwayo ne na rediyo da aka yi yayinsa a Amurka daga shekarun 1930 zuwa farkon shekarun 1960, wato wasannin masu bincike, inda ake tafka laifi a farkon shiri, kafin a rufe a gano mai shi. Akwai na kisan kai, akwai na fashi. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda kuɗi ke ɓacewa a bankin wani ɗan ƙaramin gari alhali ƙofa a kulle take, taga lafiya lau, mai gadi bai ga kowa ba. Mu a nan mun san sunan mai wannan aiki: ɓarawon biro.

Kafin mu shiga wasan, sai mun san masu sauraronsa. Mutumin da ya zauna gaban akwatin rediyo a 1950 yana da shekara 40 a duniya, da idonsa ya ga banki ya rufe da kuɗin mutane. Tsakanin 1930 da 1933 bankuna wajen 9,000 suka durƙushe a Amurka, yawancinsu ƙanana, domin a lokacin jihohi da dama ba su yarda banki ya buɗe rassa ba. Kowane gari da nasa bankin, na 'yan garin, shugabansa kuma mutum ne da ake haɗuwa da shi a coci da wurin aski. A ranar 6 ga Maris 1933 Shugaba Franklin Roosevelt ya rufe duk bankunan ƙasar na 'yan kwanaki, sannan a ranar 12 ga wata ya shiga rediyo ya yi wa jama'a bayani dalla-dalla: banki ba ya jibge kuɗinku a ɗaki, juya su yake yi, kuma in an sake buɗewa ajiya a banki ta fi ajiya a ƙarƙashin katifa. A shekarar aka kafa hukumar inshorar ajiya, FDIC, wadda ta fara da lamunce wa mai ajiya dala 2,500 a farkon 1934. Irinta ce NDIC da Najeriya ta kafa a 1988. Don haka rediyon da ya lallashi mutane su mayar da kuɗinsu banki, shi ne daga baya yake ba su labarin ma'ajin da ya ci amana. Wannan ba almara ba ce a kunnensu. Tsohon miki ne ake taɓawa.

Shirin da zan kafa misali da shi sunansa Yours Truly, Johnny Dollar, wanda gidan rediyon CBS ya watsa daga 1949 zuwa 30 ga Satumba 1962. Jarumin ba ɗan sanda ba ne, mai bincike ne da kamfanonin inshora ke haya, mazauninsa birnin Hartford na jihar Connecticut, cibiyar harkar inshora a ƙasar. Wani zai ce, me ya haɗa ɗan inshora da satar banki? Ai bankuna kan sayi inshora ta musamman saboda cin amanar ma'aikatansu. In kashiya ya yi sama da faɗi da kuɗi, kamfanin inshora ne zai biya, shi ya sa yake tura nasa mutumin ya gano nawa ne, wane ne, kuma ina sauran. Tsarin shirin ma abin sha'awa ne: waya ta yi ƙara, ya ɗauka ya faɗi sunansa, a ba shi aiki. Daga nan labarin duka ta bakin takardar kuɗin da ya kashe yake fitowa, abu na ɗaya kuɗin jirgi, abu na biyu kuɗin masauki, abu na uku kuɗin tasi, har a zo jimilla a ƙarshe. Ku duba dacewar: mutumin da ke lissafa kowane kwabo da ya kashe, shi aka aika ya kamo wanda ya ɓata lissafi. A 1955 zuwa 1956, lokacin da Bob Bailey ke riƙe da wannan rawa, sai aka mayar da shirin kashi 5 a mako, minti 15 kowace rana, Litinin zuwa Juma'a. A ganina nan ne ya fi armashi, saboda marubuci ya sami filin da zai bar mutanen gari su yi magana.

Ga wahalar da marubucin yake ciki. Rediyo kunne ne kawai. Bindiga tana da ƙara, fasa akwatin ƙarfe yana da ƙara, gudun mota yana da ƙara. To yaya ƙarar alƙalamin da ya canza lamba? Babu. Dole ya nemo wata hanya, kuma abin da suka samo shi ne muryar mutane. Na sha sa abin sauraro a kunne cikin dare ina bin irin waɗannan tsoffin faya-fayai, don da yawansu suna nan a intanet, abin da nake kasa kunne gare shi kuwa shi ne ɗan shirun da ke tsakanin tambaya da amsa. Baƙo ya sauka a tasha, ka ji takunsa a kan katako, ka ji ƙararrawar ƙofar kanti. Ya tambayi mai kanti labarin ma'ajin banki. Sai mai kanti ya ɗan yi jim, kafin ya ce ai shekara 30 ya san shi, mutumin kirki ne, shi ya ba shi rance lokacin da matarsa ke asibiti. A cikin wannan jim ɗin aka ajiye labarin gaba ɗaya. Mai kanti ya taɓa zargin wani abu, amma kunya ta hana shi ko da faɗa wa kansa.

Bari in nuna muku yadda satar take, don sai an gane ta ake jin daɗin wasan. A wancan zamani kowane mai ajiya yana da katinsa a cikin aljihun tebur na banki, shi kuma yana riƙe da ɗan littafinsa. A ce wata tsohuwa ta kawo dala 500. Ma'aji ya karɓa da fara'a, ya rubuta mata a littafinta, ta tafi hankali kwance. Shi kuma ya sa kuɗin a aljihu, ya zare katinta ya ɓoye. In masu binciken gwamnati suka zo ba zato, za su haɗa jimillar katunan da suka tarar, su gwada da babban littafi, su ga komai daidai, domin katin da zai tona asiri ba ya wurin. Asusun da aka fi yi wa haka shi ne wanda ya daɗe ba a taɓa ba, na tsofaffi da na marayu da na waɗanda suka yi ƙaura. Wata dabarar kuma a rubuta rance da sunan mutumin da bai san an yi ba.

To amma fa akwai sharaɗi mai nauyi. Duk ranar da tsohuwar nan ta zo cirar kuɗi, dole ma'ajin yana nan, ya tare ta da kansa, ya biya ta da kuɗin wani. Ba shi da damar yin rashin lafiya. Ba shi da damar tafiya hutu. Shi ke buɗewa, shi ke rufewa, gari kuma yana ta yabonsa da ƙwazo. Wannan ne ya sa har yau FDIC ke shawartar bankuna su tilasta wa ma'aikaci hutun mako 2 a jere, wani ya zauna a kujerarsa. In kun ji mai bincike a wasa ya tambaya, yaushe rabon wane da hutu, to ya riga ya kama bakin zaren.

Kada ku ɗauka ƙirƙirar marubuta ce. A watan Janairu 1961, shirin da muke magana yana kan iska, aka rufe bankin garin Sheldon a jihar Iowa. Mataimakiyar ma'aji, Burnice Geiger, 'yar shugaban bankin ce ta cikinsa, mace mai kyauta da kowa ke girmamawa, ta amsa cewa ta kwashe sama da dala miliyan 2 cikin shekaru masu yawa. Aka yanke mata shekara 15. Wa zai je ya ce wa dattijo a bincika littafin 'yarsa? In ɓera da sata, daddawa ma da wari, amma ni ban ga mugunta a shirun mutanen garin ba. Kara ce, irin wadda mu ma muka sani sarai.

Wani masanin halayyar masu laifi, Donald Cressey, ya bi gidajen yari ya zauna da masu irin wannan laifi, ya fitar da sakamakonsa a 1953. Abin da ya gano shi ne, yawanci mutum ne da ya shiga wata matsalar kuɗi da yake jin ba zai iya gaya wa kowa ba, ga dama a hannunsa, sai ya ce wa zuciyarsa ai aro ne, zai mayar. Wasannin da suka yi kyau sun fahimci wannan. Ba sa ba ka mugu mai ƙatuwar murya. Dattijo suke ba ka, mai sanyin magana, wanda in an ajiye katunan a gabansa sai ka ji ya sauke numfashi, kamar wanda aka sauke wa kaya. Waɗanda ba su yi kyau ba kuwa, sai su ji tsoron mai sauraro zai gaji, su cusa gawa a tsakiya da harbe-harbe a ƙarshe. Ni wannan yana ɓata mini rai, don ya rage wa labarin nauyinsa na gaskiya.

Na ga hannu a gefen dama. Malama, bismillah.

Tambayarta ita ce, yanzu da kwamfuta ta maye gurbin kati da littafi, ko irin wannan ta wuce? Malama, kati ya wuce, amma ga abin da ya faru a Elkhart, wani gari a jihar Kansas da mutanensa ba su cika 2,000 ba. A 2023 'yan damfarar kuɗin intanet suka yaudari shugaban Heartland Tri-State, bankin garin, da alkawarin riba. Cikin 'yan makonni ya tura musu dala miliyan 47.1 na banki, kuma ma'aikatansa ne suka aika kuɗin bisa umarninsa, mutanen da suka san shi shekara da shekaru. A ranar 28 ga Yuli na shekarar hukuma ta rufe bankin. Masu ajiya ba su yi asara ba, inshora ta tsaya musu. Masu hannun jari kuwa, waɗanda yawancinsu maƙwabtansa ne, su suka kwana a ciki a lokacin. A watan Agusta 2024 kotu ta yanke masa wata 293, wato shekara 24 da 'yan watanni.

Akwai wata tambayar? To, Alhaji na gaba, a miƙa masa abin magana.