Darasi: Yadda ake neman auren Penny a wasan Stardew Valley

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Stardew Valley za mu shiga, wasan noman nan da Eric Barone ya ƙera shi kaɗai, ya fito a 2016. Mutum 12 ake iya aura a garin, ni dai Penny na zaɓa, malamar da ke koyar da yaran garin, Vincent da Jas.

To ku dubi allo. Kun ga waɗannan zukatan a gefen sunanta? Kowace zuciya maki 250 ce. Gaisuwa kawai, ka tsaya ka yi mata magana, maki 20 ne a rana. Mutane suna raina wannan, amma wallahi ita ce ginshiƙin abin, don ba ta cin ko sisi.

Sai kyauta. Sau biyu ake bayarwa a mako, kuma a nan ne da yawa ke yin ɓarna. Ni kaina farkon farawata inabi na miƙa mata, ina ganin na yi abin kirki, ashe ta tsane shi, maki suka zube. Giya ma haka, kuma in kun ga halin da take ciki da mahaifiyarta Pam mai yawan shan giya, za ku gane dalili. Abin da ranta ke so shi ne kankanar da wasan ke kira Melon. Maki 80 take kawowa. Ku shuka ta lokacin zafi, kwana 12 ta nuna, sai ku ɓoye guda a akwati. Ranar haihuwarta 2 ga kaka ce, kuma ranar ana ninka kyauta sau 8. Kun ga 640 ke nan a tashi ɗaya.

Don Allah kada ku tona kwandon shara a gabanta, kimarku za ta ragu.

In zukata sun kai 8, ku je shagon Pierre ku sayi damin furanni a kan 200 na kuɗin wasan, ku ba ta. In sun kai 10, ku tabbata kun faɗaɗa gida, kun gyara gadar bakin teku da katako 300, sannan ku jira ranar da ake ruwa. Ga shi yau an wayi gari da ruwa, ga wani tsoho can tsaye a bakin teku da abin wuyan da ake ba wanda ake so a aura, 5,000 zai karɓa. Bari in biya shi, kwana uku bayan ta karɓa sai biki.