Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki a Asibitin Tunawa da 'Yan Mazan Jiya, Agege

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka. Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa. Sarakunan Yarbawa masu masaukinmu. Limamai da malamai. 'Yan mazan jiya da iyalansu. Iyayenmu mata da sauran jama'a. A madadin kwamitin wannan asibiti da Hausawa mazauna Agege, ina yi wa mai martaba barka da zuwa da sannu da hanya. Tafiya daga Arewa zuwa Ikko ba ƙaramar ɗawainiya ba ce, amma ka ajiye hidimomin fada ka zo ka duba 'ya'yanka da neman halali ya kawo bakin teku.

Ranka ya daɗe, alaƙar Bahaushe da kakin soja a garin nan ta girmi Najeriya kanta, domin tun 1863 John Glover ya tara Hausawa a Legas ya kafa ƙaramar rundunar da sojan ƙasar nan ya samo tushe daga gare ta. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi tsanani, an ɗebi samari daga birane da ƙauyukan Arewa aka zuba su a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka tsallaka teku da su zuwa Indiya, daga can suka shiga dazuzzukan ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau. Sun gwabza da Japanawa a kwarin Kaladan, suka kama Myohaung a watan Janairun 1945, kuma har can Sarkin Katsina Usman Nagogo ya bi su ya gaishe su. Barikin Dodan a Ikoyi da na Myohaung a Yaba da na Arakan a Apapa duk sunayen wuraren da suka yi yaƙi ne, ko da yake yawancin masu wucewa ta ƙofarsu yau ba su san haka ba. Wasu cikin waɗanda suka dawo ba su koma gida ba. Sun zauna nan suna gadi, suna fataucin goro, suka hayayyafa. 'Ya'yansu da jikokinsu sun shiga yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, sun je Laberiya da Saliyo ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, kuma har gobe muna karɓar labarin rasuwa daga Arewa maso Gabas.

Da aka zauna shawarar yadda za a tuna da su, an yi muhawara mai tsawo. Wasu sun so a gina hasumiya a bakin titi, inda za a riƙa ajiye furanni kowace ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Malamanmu suka ce mamaci ya fi buƙatar sadaka mai gudana. Amma tsofaffin sojojin ne suka yanke magana, da suka tuna mana abin da iyayensu suka sha faɗa, cewa a Bama zazzaɓin cizon sauro da atini sun kwantar da mutane fiye da harsashi. Wannan maƙiyin bai ajiye makami ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke, kuma duk wanda ya ga kwatocin unguwar nan da damina ba zai yi musu ba.

Da gumin talakawa aka yi ginin nan. 'Yan goro da mahautan Oko-Oba da direbobin tirela da 'yan gwari na Mile 12 sun yi ta karo-karo, mata sun zuba kuɗin adashinsu, magina sun yafe ladan kwanaki. A bangon zauren shiga mai martaba zai ga sunayen mamatan, kowane da garinsu. Akwai Bahaushe da Babarbare da Batibi da Bayarabe da Ibo, Musulmi da Kirista, domin ba a tambayi kowa ƙabilarsa ba a ramin yaƙi, kuma mu ma ba ma tambaya a wurin yankar kati. Ƙarƙashin sunayen nan mata ke zama a kan benci ranar awo da rigakafi, goyo a baya, kati a hannu, wasunsu suna jiran layi daidai inda aka rubuta sunan kakansu.

Sai dai, ranka ya daɗe, yaro ba ya ɓoye wa ubansa kuka. Babbar damuwarmu dare ne. Naƙuda ba ta jiran gari ya waye, ga shi ba mu da ungozomar da za ta kwana, ga cunkoson hanya idan an ce a garzaya babban asibiti a Ikeja. Da yawa cikin matanmu ba sa jin Yarbanci ko Turanci, kuma kunya kan hana su faɗa wa namiji abin da ke damunsu, sai su haƙura su haihu a gida. Muna roƙon mai martaba ya sa baki a samo mana 'yan mata biyu da suka kammala makarantar ungozoma a ƙasarsa. Masauki da abinci na wuyanmu. Muna kuma buƙatar wutar sola, saboda allurar rigakafi lalacewa take yi idan firiji ya mutu.

Roƙonmu na ƙarshe ya shafi bangon nan. Mun bar fili a jikinsa da gangan, domin akwai waɗanda suka tafi Bama aka daina jin ɗuriyarsu, kuma danginsu na ƙauyukan da ke ƙarƙashinka. Idan hakimai da dagatai suka bincika gida gida suka aiko mana da sunayen, za mu rubuta su.

Allah ya jiƙan mazajen da suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara, ya mayar da shi fada lafiya. Yanzu muna gayyatar mai martaba ya zagaya ɗakunan, za mu fara daga ɗakin haihuwa.